Tambaya da Amsa: Wai "run" ba gudu ba ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce daga Zariya ina shirin WAEC. Tun firamare aka koya mana run shine gudu, to jiya ina karatu sai naci karo da "she runs a shop", nace ikon Allah, gudu take da shagon ko me? Dan Allah a warware min, kaina ya ɗaure.

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata, Allah ya bada sa'a. Matar nan ba inda ta je, ita ke riƙe da shagon tana juya shi. Kuma kar ki ga laifin kanki, kalmar da kika taɓo tana cikin masu yawan ma'ana a duk Turanci, masu babban ƙamus na Oxford da suka sake bibiyarta a 2011 ma'ana 645 suka lissafa mata, a matsayinta na aikatau (wato verb) kawai fa. A bugun 1989 kuwa kalmar set ce ke riƙe da kambun, tana da ma'ana 430.

Idan Bature yace "the tap is running" famfo ne aka bari yana zuba, in kuma hancin yaro ne to majina ce ke yoyo, mura ta kama shi. Injin janareto in yana running a kunne yake. Ɗan siyasa in yayi "run for president" takara ya tsaya, "we ran out of sugar" kuwa sikari ne ya ƙare a gida, babu wanda ya ruga ko'ina.

Amma ni abinda nake so ki lura dashi, kema haka kike yi kullum da Hausa baki sani ba. Duba ci. Kin ci tuwo da safe, kina addu'ar ki ci jarabawa, kasuwar Kwari na ci, wani ya ci bashi wani ya ci amana, amarya ta ci ado, wuta ta ci rumfa, gwamna ya ci zaɓe, an ci mutuncin bawan Allah a gaban jama'a, an ci direba tara. Akwai ranar da kika taɓa rikicewa kika ɗauka cokali aka sa aka cinye zaɓen? Babu, saboda kalmar dake kusa da ita ce take gaya miki inda aka dosa. To haka Bature yake jin run a kunnensa, kuma shima in ya zo koyon Hausa a kan ci da sha yake shan wahala.

Shi yasa haddar nan ta kalma ɗaya ma'ana ɗaya take damuna sosai, ita ke kayar da yaranmu a jarabawar Turanci. Ki samu ɗan littafi na daban, duk inda kika ga run ki kwafe jimlar gaba ɗayanta ki rubuta Hausarta a ƙasa, kuma ki dinga kallon ƙananan kalmomin dake binta irin su out, into, over, dan "run into" kiciɓis ne da mutum a hanya, "run over" kuwa mota ce ta take shi. In kin buɗe dikshinari kar ki tsaya a lamba 1, ki gangara har ki samu wadda ta zauna daidai a jimlarki.