Ka ajiye maganar sabuwar kyamara, kwastomominka ba sa jin sautin bidiyonka ne

Wani ɗalibi ya turo min tambaya: yana ɗaukar wa 'yan'uwansa ɗalibai bidiyon firojet da 'yan tallace-tallace da wayarsa, mutum uku sun yi ƙorafi ba sa jin abin da ake faɗa sosai, shi kuma yanzu bashi yake son ci ya sayi babbar kyamara don ya fara kama manyan ayyuka. Wai in ba shi shawara wacce zai saya.

Ƙanina, ba zan ba ka sunan kyamara ko ɗaya ba. Kai da bakinka ka ce ƙorafin na sauti ne, to me ya kawo kyamara cikin zancen? Mutane za su haƙura su kalli hoto mai ɗan dishi-dishi, amma da zarar murya ta koma kamar daga cikin rijiya ake magana, sun wuce abinsu. Kuma makirufon da ke jikin babbar kyamarar ma ba zai cece ka ba, don matsalar nisa ce, duk lokacin da ka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirufo sautin na raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ƙarar fanka da amsa-kuwwar ɗaki kuwa suna nan daram. Ka nemi ɗan ƙaramin makirufon nan da ake maƙalawa a gaban riga, kamar santimita 20 daga baki, ka sa hedifon a kunne kana ji tun ana ɗauka, mitar da ke nuna ƙarfin sauti kuma ta riƙa kaiwa wajen -12, kar ta taɓa jan layi.

Na taɓa ganin wani yaro da ya yi irin abin da kake shirin yi. Ya ci bashi ya sayi kyamara, aikinsa na farko hira ce da wata mai ƙaramar sana'a, hoto ya fito tas kamar fim, sai da ya zauna editin da daddare ya ji firij ɗin da ke bayanta yana ta gurnani tun daga farko har ƙarshe. Hedifon ɗinsa na cikin jaka duk tsawon aikin wallahi. Ya mayar da kuɗi, bashi kuma bai jira shi ba.

Haske ma kar ka wahalar da aljihunka. Taga kyauta ce, zaunar da mutum hasken ya zo masa ta gefen gaba kamar digiri 45, kar ka ba shi taga a baya ya zama inuwa, ɗaya gefen kuma farin kwali ya isa ya rage duhun fuska. Abu ɗaya dai, kar ka haɗa hasken rana da kwan fitila mai ruwan ɗorawa, a ma'aunin launin haske na rana kusan 5600K ne wancan kuma 3200K, rabin fuska shuɗi rabi ja kenan. Kashe ɗaya.

In akwai ɗan abin da ka tara, kashi biyu cikin uku ya tafi sauti, sauran fitilar LED ɗaya da ƙafar ɗora waya. Maganar "manyan ayyuka" kuma don Allah ka bar ta tukuna, ukun nan da suka yi ƙorafi ka kira su ka sake musu ɗauka kyauta. Ka yi ayyuka 10 ba ƙorafi, ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowanne, sannan ka turo min mu duba ko kyamarar za ta iya biyan kanta.