Ina son yi wa mutane cinikin gaba na masara da waken soya, wane lasisi nake bukata?

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, ina sayen masara da waken soya da kaka in ajiye. Abokai sun ce za su zuba kuɗi in riƙa yi musu cinikin gaba, wato a yanke farashi yau, a kawo kaya bayan wata uku ko shida. Ina da rajistar sunan kasuwanci. Ta wadatar?

Amsa: Alhaji, ba ta wadatar ba. Muddin da kuɗinka kake saye, babu lasisin da ake nema a wurinka: ka buɗe asusu wajen dillali mai rajista, ya saya maka ya sayar maka. Amma ranar da kuɗin wani ya shigo hannunka da sunan ciniki a kasuwar musaya, wato kasuwa mai rajista inda ake cinikin kaya ta hannun dillalai, ka shiga hurumin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, wadda dokar zuba jari ta 2025, da ta maye gurbin ta 2007, ta ɗora wa kula da kasuwannin musayar kayayyaki da sito-siton da ke ba da rasit, wato takardar shaidar kayan da aka ajiye.

Rajistar ma iri-iri ce, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa. Dillali umarnin mai kaya yake zartarwa ya karɓi la'adarsa. Dila kuwa da kuɗin kamfaninsa yake saye da sayarwa kai tsaye a kasuwar musaya. Ana iya haɗa biyun, sai dai jarin da ake nema ya fi yawa. Abin da abokanka suke so kuwa, a tara kuɗi wuri ɗaya kai ka juya yadda ka ga dama a raba riba, ba dillanci ba ne. Sarrafa jarin jama'a ne, rajistarsa daban, jarinsa kuma ya ninka na dillali nesa ba kusa ba. Wanda ya tara kuɗin mutane babu rajista yana yi musu alkawarin riba, ko da zuciyarsa fara ce, yana iya faɗawa sahun masu asusun damfara, kuma sabuwar dokar ta tanadar musu tara mai nauyi da ɗauri.

Idan dillancin kake so, fara da yin cikakken kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, irin wanda sunansa ke ƙarewa da Limited, kuma lauya ya rubuta dillancin kayayyaki ƙarara a cikin manufofinsa. Kamfanin da takardarsa ta ce "ciniki na gaba ɗaya" kawai, sai an dawo da shi gyara. Jarin dole ya zama an biya shi da gaske, odita ya tabbatar, ba bashin kwana biyu da za a nuna a banki a janye ba. Adadin yana cikin sanarwar SEC, kuma takan sake shi, don haka ka karɓi na yanzu daga hukumar kafin ka sayar da kadara. Za ka gabatar da aƙalla mutum uku da kamfani ya tsaya musu, ciki har da manajan darakta da jami'in kula da bin doka. Ana duba takardun karatunsu da gogewarsu, su kawo shaidar 'yan sanda, su yi horo da jarrabawa. Shekarunka a kasuwa abin ƙima ne, amma ba za su tsaya a madadin waɗannan mutane ba, kuma albashinsu shi ne kuɗin da yawancin masu nema ke mantawa a lissafi. Sai inshorar da ke biyan abokan ciniki idan ma'aikaci ya ci amana, da shaidar haraji, da ofis na gaske. Bayan haka ka nemi zama mamba a wata kasuwar musaya: AFEX, ko NCX ta Abuja, ko LCFE ta Legas, ko ta Gezawa da ke kusa da kai.

Kafin ka kashe ko sisi, ka fahimci abin da za ka sayar. A cinikin gaba na kasuwar musaya ba a biyan kuɗin kaya tun farko, jingina ake ajiyewa, kuma kullum ana lissafin riba da faɗuwa. Misali, ka ƙulla sayen tan 100 na masara, buhu 1,000 ke nan, a kan naira 400,000 kowane tan. Ciniki na miliyan 40. A ce jinginar kashi 10 cikin ɗari ce, miliyan 4. Farashi ya sauka da naira 20,000 a tan, miliyan 2 ta tafi, rabin jinginar, kuma za a kira ka cika gurbin nan take. Idan mai kuɗin ya kashe waya, dillali ake riƙewa. Wanda ya saba da rumbu yana iya jiran bazara farashi ya farfaɗo. A nan ba a jira.

Sannan a Najeriya cinikin gaba na hatsi bai yi kauri ba kamar a Chicago ko Johannesburg. A Johannesburg ɗin, farar masara tan 100 ake ƙullawa a kwantiragi ɗaya. Mafi yawan abin da ke tafiya a nan saye ne hannu da hannu da kuma rasit ɗin sito. A siton ma ake samun rigima: masarar da danshinta ya haura kashi 13 zuwa 14 cikin ɗari takan yi fumfuna, a rage mata daraja ko a ƙi ta a bakin sito.

Akwai kuma batun addini, wanda abokanka za su tambaya. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1992 cewa cinikin da aka jinkirta kuɗi da kaya duka bai halatta ba. Salam shi ne halastacce: a biya kuɗi cif a wurin ƙulla ciniki, a fayyace irin kaya, awo da ranar kawowa. Ka zauna da malami masanin mu'amala da takardar yarjejeniyar a hannu.

Ni a ganina, kakar nan ka yi ta a matsayin abokin cinikin dillali mai rajista, bayan ka duba sunansa a jerin da SEC ke wallafawa. Ka kai mota ɗaya sito, ka ga yadda ake auna danshi, ka lissafa kuɗin ajiya da la'ada. Kowane abokinka ya buɗe asusu da sunansa, kada kuɗin kowa ya bi ta naka.