Wanda ya sha diyazefam da dare ba ya hawa rufi da safe

Ka tambaye ni, yarona: likita ya rubuta maka diyazefam, maganin kwantar da hankali da sa barci, mai miligiram 5, ka sha da ƙarfe goma na dare, ka tashi garau ba barci a idonka, ko za ka hau sama a ci gaba da buga kwano? A'a. Yau aikinka a ƙasa yake: auna katako, ware ƙusa, miƙo kaya. Injin zarto ma kada ka taɓa shi.

A can wajen ƙeya akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa mai daidaita ido da hannu da ƙafa. Ita ke sa guduma ta sauka kan ƙusa, ƙafa ta sauka tsakiyar katako. Maganin yana ƙarfafa aikin sinadarin GABA, wanda ke rage gudun saƙo a jijiyoyi, sai gyaran da jiki ke yi idan ka karkata ya zo a makare. A ƙasa tangaɗi ne kawai. A kan katako mai faɗin inci 2, faɗuwa ce.

Kuma ba ya fita da wuri. Jiki kan ɗauki awa 20 zuwa 50 kafin rabinsa ya ragu, abin da hanta ke mayar da shi ma yana aiki, har ya fi shi daɗewa. Daga goma na dare zuwa bakwai na safe awa 9 ne kacal. In ka jera dare uku kana sha, taruwa yake yi. Goro da shayi za su buɗe maka ido, amma ba sa fitar da shi daga jini.

An bincika wannan. A Kebek ta Kanada, a 1997, an gano tsofaffin direbobi masu shan irin wannan magani mai daɗewa a jiki haɗarinsu ya ƙaru da kashi 45 cikin 100 a makon farko. Maganin mura mai sa barci, irin su Piriton, shi ma yana kashe hannu, don haka doka ɗaya ce.

Koma wurin likitan ka gaya masa a saman gini kake aiki, ya canza maka ko ya yanke maka ranar da za ka hau. Idan ka yi makonni kana sha, kada ka yanke shi dare ɗaya, yana iya kawo jijjiga. A hankali ake ragewa. Kada kuma ka haɗa shi da kodin ko tiramol, numfashi yake dannewa.