Amsoshin Tambayoyinku: Digiri na Biyu, Madubin Likita da Mujallun Bogi

Tambaya: Na gama digirin farko a fiziyoloji (ilimin yadda sassan jiki ke aiki), ina son yin na biyu a fatoloji (ilimin cututtuka). Zan samu damar duba naman da aka yanko daga majiyyaci in ce kansa ce ko ba kansa ba ce? Abin yana hana ni barci.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, kin yi dabara da kika tambaya kafin ki biya kuɗin fom. A yawancin ƙasashe, sa hannu a irin wannan sakamako aikin wanda ya gama karatun likitanci ne, ya ƙara shekarun horon ƙwarewa. Digiri na biyu bincike zai koya miki: yadda cuta ke lalata ƙwayoyin halitta, abin da fiziyolojinki ya riga ya share miki hanyarsa. Amma ki nemi ɗaliban malamin da zai duba aikinki a keɓe, ki tambaye su. Shekara nawa suka yi a hannunsa? Sinadaran gwaji sashe ke saya, ko daga aljihunsu?

Tambaya: Na ga madubin likita a intanet mai ƙara girma sau 2000, da araha. In saya?

Amsa: A'a. Madubin da ke aiki da haske amfaninsa ya tsaya wajen sau 1000, abin da ya haura haka dishi-dishi ne kawai. Kuma da me za ka yanka naman da za ka duba a kaurin maikuromita 4 ko 5 (maikuromita dubu ne milimita ɗaya)? Tafi ɗakin gwajin sashenku.

Tambaya: Wata mujalla ta turo mini imel, za ta buga bincikena cikin kwana 7 idan na biya.

Amsa: Ƙanena, nan ne raina ke ɓaci. Wane masani ne zai karanta aikinka, ya bi alƙalumanka, ya dawo da gyara a mako guda? Mujallar kirki takan ɗauki watanni, sau da yawa ma ta mayar maka da abinka. A 2013 John Bohannon ya shirya takardar ƙarya kan maganin kansa, cike da kurakuran da ɗalibin aji biyu zai gano, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta fallasa su. Su kuɗinka suke so, kai kuma ka yi wata da watanni kana auna sukarin ɓeraye da asuba, ka je ka binne wahalar inda ba mai karantawa. Mafi muni, da zarar ta fito can, mujallar gaskiya ba za ta sake bugawa ba, kuma masu tantance ɗalibai don tallafin digiri na uku sun san sunayen nan. Biyan kuɗi kaɗai ba shi ne alamar zamba ba, manyan mujallu ma suna karɓa. Kada ka yarda da tambarin da suka manna a shafinsu. Buɗe Scopus ko DOAJ, shafukan intanet masu jerin mujallun da aka tantance, da kanka ka nemi sunanta, harafi da harafi, don sukan ari sunan sananniyar mujalla su sauya kalma ɗaya. In ba ka gan ta ba, goge imel ɗin.