Ku Tambayi Malama: Rafi ya tare hanyar makaranta, yaya zan koyar da su a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Daga wani ƙauye nake rubuto miki a ƙasar Ringim. 'Ya'yana uku: babbar mace ce mai shekara tara, mai bi mata namiji ɗan shekara bakwai, sai auta da ban daɗe da yaye shi ba. Firamaren da suke zuwa tana garin da ke gaba da mu, tafiyar kusan awa guda a ƙafa, kuma da damina ta zauna sai rafin da ke tsakaninmu ya cika, su yi wata biyu zuwa uku ba su leƙa aji ba. Babbar tana aji uku amma har yau ba ta haɗa baƙi. Ni a aji uku na ƙaramar sakandare na tsaya. Na fara zaunar da su da yamma ina biya musu A, B, C, amma ba sa yin minti goma sai hamma da tsokanar juna, ni kuma raina ya ɓaci in kai musu hannu. Littafinmu ɗaya ne, shi ma ya yage. Surukata ta ce wahalar da kaina kawai nake yi, karatun allo ya ishe su. Maigida kuma ya ce idan zan iya, a cire su daga makarantar gaba ɗaya. Ki ba ni shawara don Allah. — Wata uwa daga Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi wa zuri'arki albarka. Kafin komai, ki sauke hannun nan. Yaron da ke tsammanin dundu ba ya jin abin da bakinki ke faɗa, hannunki yake kallo. Hammar da suke yi ma ba taurin kai ba ce. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli a ƙauyukan da ke tsakanin Gezawa da Gabasawa, ban taɓa ganin ɗan shekara bakwai da ya zauna cak yana maimaita sautin da bai san inda ya dosa ba, sai dai in tsoro ne ya zaunar da shi. Ki ba hannunsu abin yi, za ki ga hammar ta gudu.

Bari in fara da lissafi, domin shi ne ya fi sauƙin kamawa a tsakar gida. Ki sa su karyo miki silin kara ko tsinken tsintsiya, su yanka su tsawon ɗan yatsa, kamar ɗari da wani abu. Duk goma a ɗaure da zare ko kaba, ya zama dami ɗaya. Idan kin ce "talatin da biyu", su ajiye dami uku da tsinke biyu. Wannan damin shi ne duk sirrin lissafin firamare, amma yara da yawa suna gama aji shida ba su taɓa riƙe shi a hannu ba.

Akwai jikata da ta yi hutu a wurina bara, tana aji uku kamar taki. A takarda, duk ranar da aka ba ta 32 a cire 7, sai ta rubuta 35, domin ta cire biyu daga bakwai ta sauko da uku. An faɗa mata "ki yi aro" ya fi sau nawa. Na zaunar da ita a gindin turmi, na zube mata dami uku da tsinke biyu, na ce, "Ba ni bakwai." Ta miƙo biyun, ta tsaya. Ta dube ni, na yi shiru ina tsince shinkafa. Ta juya damin nan a hannunta, ta ajiye, ta sake ɗauka. Can sai ta ce a hankali, "Kaka, in kwance?" Na ce, "Naki ne." Ta sa haƙori ta tsinke zaren, tsinke goma suka watse a tabarma, ta ƙirgo biyar ta cika mini bakwai, sannan ta ƙirga abin da ya rage: dami biyu da tsinke biyar. Ta ɗago kai ta ce, "Ashe wannan ne aron!" Shirun da na yi shi ne aikina a wurin. Uwa takan ji kamar ta faɗa wa yaro amsa don ta huta, amma ki daure, ki bar shi ya yi ɗan kokawarsa.

Sai dai ki kula da abu ɗaya, domin nan ne iyaye da yawa ke tsayawa rabin hanya. Duk abin da hannu ya yi, baki ya faɗa, sannan a rubuta. Da ta gama kwance dami, na ba ta gawayi ta rubuta 32 − 7 = 25 a jikin bango. Yarinyar da ke kai fura kasuwa ta iya ba da canji ba ta kuskure, amma a ɗora mata wannan lissafin a takarda sai ta rasa ta inda za ta kama. Don haka kada kowa ya ce miki talla ma makaranta ce. Ba ita ba ce.

Daga tsinke sai ki wuce zuwa awo. Idan za ki ɗebo hatsi, ki bar babbar ta auna. A kasuwannin wajenmu buhu kwano arba'in ne: to rabin buhu kwano nawa? Idan gidan nan muna cin kwano ɗaya da rabi a rana, kwana nawa buhu zai kai mu? Ranar da maigida ya dawo daga cin kasuwar Gujungu, ta tambaye shi nawa aka sayar da kwanon gero, ta rubuta a bango, mako mai zuwa ta sake rubutawa a ƙarƙashinsa, ta faɗa muku ko ya hau ko ya sauka, kuma da nawa. In kaka ta yi, ki tura su wurin ɗaurin dami su ƙirga. A amfanin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ɗaya bisa goma ake fitarwa zakka. Wanda aka sha wahalar ban-ruwa kuwa, ɗaya bisa ashirin. Yaron da ya tsaya a gona ya ga an ware dami ɗaya daga kowane goma ya riga ya san ma'anar kashi goma cikin ɗari tun kafin malami ya zana alamarsa a allo.

Yanzu karatu. Ki ajiye waƙar A, B, C ɗin nan tukuna. Sunayen haruffan Turanci ne, kuma ba su ne sautin da yaro zai ji a cikin kalmar Hausa ba. Mu Allah ya sauƙaƙa mana: Hausar boko kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Wasali biyar ne, a, e, i, o, u. Ki share wuri a tsakar gida, ki zuba yashi mai laushi a faifai ko tire, su riƙa zana wasalin da yatsa suna faɗa. Idan sun zauna, ki kawo baƙi ɗaya ki aura masa su: ba, be, bi, bo, bu. Gobe ka, ke, ki, ko, ku. Kwana uku ba su cika ba za su haɗa "baba", "kaka", "baki", "biki". Ranar da yaro ya fara karanta kalma da kansa, ki dubi fuskarsa, za ki san wahalarki ba ta faɗi ƙasa banza ba. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, ki koyar da su bibbiyu da 'yan'uwansu: baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Su murza yumɓu su gina siffar kowanne, su shanya a rana. Ki rubuta "ƙofa" a jikin ƙofa, "randa" a jikin randa, "rumbu" a jikin rumbu. Kwalin ashana, buhun taki, takardar da aka ƙunso ƙosai, duk abin karantawa ne.

Kada ki ji tsoron cewa farawa da Hausa zai hana su Turanci. An gwada wannan a ƙasar nan: daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara duk shekara shida na firamare da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Wanda ya gane yadda baƙi ke haɗuwa da wasali a harshen da yake mafarki da shi, ɗaukar wani harshen ba ya yi masa nauyi.

Tun da damina ce, ga wani aiki da na fi so. Su ƙirga ƙwayar wake ashirin daga irin da kuka ajiye, su jera a tsumma mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa, kullum su yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar zuwa bakwai a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsiro. In sha bakwai ne, to a cikin kowane ɗari, tamanin da biyar ke nan za su fito. Su faɗa wa babansu kafin ya shuka. Yaro in ya ga an yi aiki da ƙirgarsa a gona, ba sai an kira shi darasi ba gobe.

In iska ta bushe, hunturu ko bazara, ku yi tukunya cikin tukunya. Ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Su sa gauta ko tumatir a ciki, su bar wasu a faifai, kullum su duba su rubuta abin da suka gani. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafin ciki, dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi ke nan. Ki gaya musu wani malami ne a nan Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, kuma a gwajinsa gautar da ke lalacewa a kwana 3 ta kai kwana 27. Da damina abin ba ya yin sanyi sosai saboda iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa. Ki bar babbar ta yi tunanin dalilin kafin ki faɗa mata.

Surukarki kuwa, kada ki ja da ita. Ki jawo ta ciki. Allon da take magana a kai shi ma da hannu ake koyonsa: a fere alƙalami, a dama tawada, a rubuta, a wanke. Ki roƙe ta ta riƙa yi musu tatsuniya bayan isha, da safe babbar ta maimaita miki, ku rubuta jimla biyu daga ciki, ta je ta karanta wa kakarta. Tsohuwar da ta ji maganarta ta fito daga takarda a bakin jikarta ba za ta ƙara cewa wahala ce ba.

Batun cire su daga makaranta, ban goyi baya ba, kuma ki faɗa wa maigida cikin ladabi cewa ni na ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye wajibcin sa yaro ya yi shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Ban da doka ma, sai sunan yaro yana rajista zai samu shaidar gama firamare ya wuce gaba, kuma akwai abin da yaro ke koya a cikin sa'anninsa wanda uwa ba za ta iya ba shi ba. Maigida ya je ya sami shugaban makarantar, ya yi masa bayanin rafin, ya karɓo abin da ajinsu zai yi a zangon. Amma muddin ruwan nan yana gudu, kada wanda ya tsallaka da su don gudun a ce sun yi fashi. Mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a Jigawa. Karatun gida kuwa, rabin awa bayan la'asar, kwana biyar a mako, ya isa. Autan ma ki ba shi nasa tsinken ya yi ta zubawa a gwangwani.

Tambaya: Malama, barka da aiki. Ni manomin rani ne a yankin Kadawa. Ɗana mai shekara goma sha ɗaya ba shi da aiki sai ƙera motar kara da kwance tsofaffin tocila. Ina ganin shiririta ce, ina so in hana shi ya mai da hankali ga littafi. — Wani uba daga Kano.

Amsa: Malam, don Allah kada ka hana shi. Ka saya masa ma'aunin tela da littafin rubutu guda, ka kafa masa sharaɗi: duk motar da zai ƙera, sai ya fara zana ta, ya rubuta tsawonta da faɗinta da adadin karan da za ta ci. In ya gama ya auna ya ga ko ta yi daidai da zanen. Tocilar kuma, ka tambaye shi me ya sa take mutuwa idan aka juya batir ɗaya, ya nuna maka hanyar da wuta ke bi daga batir zuwa ƙwai ta dawo, sannan ya zana ta. Kowane ƙaramin batir bolt ɗaya da rabi ne, biyu a jere uku ke nan, ka bar shi ya gano haka da kansa daga rubutun da ke jikinsu. Iyakarsa ƙananan batura: ka ja masa kunne sosai kan wayar lantarki da batirin sola. Ranar da za ka kwance injin ban-ruwa don wanke fulogi, ka kira shi ya riƙe maka sifana, ya jera kusoshin a kan buhu bi da bi yadda suka fito, shi zai miƙo maka su wajen mayarwa.