Majina, kaki da yawu: wane suna za mu ba miyusin?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina fassara darasin kimiyyar jiki zuwa Hausa, sai na ci karo da kalmar miyusin. Na rubuta "majina", wani abokina ya ce na yi kuskure, wai har a hanji da ido akwai shi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, kodayake kai ma ba ka yi nisan kiwo ba. Bahaushe wurin fitowar abin yake dubawa ya raɗa masa suna. In daga hanci ne, majina. In ta bushe a ciki, tasono. In daga ƙirji aka kakaro shi, kaki. Na baki yawu ko miyau, in yana zuba ba da son mai shi ba a ce dalala. Na gefen ido da safe kuwa kwantsa. Ba mu da suna ɗaya da ya tattara su, amma muna da sifa ɗaya da muke ba su duka, wato yauƙi. To miyusin shi ne sinadarin da ke haifar da wannan yauƙin. Ita majina, kusan kashi 95 cikin 100 nata ruwa ne, sauran gishiri ne da miyusin da 'yan tarkace. Ka ga kiran miyusin majina kamar kiran zare riga ne.

Ga yadda ƙirarsa take, don fassararka ta zauna daidai. Furotin ne dogo siriri, jikinsa jere da guntayen sarƙoƙin sukari da suka miƙe ta kowane gefe kamar gashin gizaka. Ba sukarin da harshe ke jin zaƙinsa ba ne, danginsa ne, kuma ya fi rabin nauyin miyusin ɗin, wani lokaci har kashi 80. Sarƙoƙin suna maƙalewa ne a kan tubala biyu daga cikin tubalan ginin furotin, serin da tiriyonin, kuma aikinsu jawo ruwa su riƙe. A kowane ƙarshen zaren akwai wani tubali mai ɗauke da farar wuta, da shi wannan zare ke ƙullewa da wancan har su zama raga. Ruwan da ya maƙale cikin ragar shi kake taɓawa ka ji yauƙi.

Ƙwayoyin halittar da ke ƙera shi suna da siffar kofi, suna ajiye shi a dunƙule, kalsiyam na matse shi. Da sun sake shi waje sai ya sha ruwa ya kumbura ninki ɗaruruwa nan take. Ɗan'adam na da irinsa wajen 20, masana suna rubuta su da MUC da lamba. Wasu ana zubo su su yi shimfiɗa, kamar MUC2 a hanji da MUC5AC a tumbi da hanyoyin numfashi; wasu kuma, irin MUC1, a dashe suke jikin ƙwayar halitta ba sa barin ta.

Shawarata: karon farko ka rubuta "miyusin, wato sinadarin yauƙin jiki", daga nan ka ci gaba da miyusin kawai. Aron kalma ba abin kunya ba ne in an gabatar da ita da mutunci.

Tambaya: Malam, ni a wurina yauƙi da santsi da danƙo duk ɗaya ne. Akwai bambanci? Kuma me ya haɗa yauƙi da tafiyar yanga?

Amsa: Akwai, kuma bambancin nan ne tsakanin lafiya da ciwo a ƙirjin mutum. Santsi shi ne zamewa; mai yana da santsi amma ba ya jan zare. Danƙo kamawa ne, abu ya liƙe ya ƙi saki. Yauƙi kuwa sai ka sa abu tsakanin yatsu biyu ka buɗa, ya biyo ka yana miƙewa kafin ya katse, kamar sawun dodon koɗi ko jikin tarwaɗa, waɗanda su ma miyusin ne ke lulluɓe da su.

Majinar mai lafiya yauƙi da santsi gare ta, danƙonta kaɗan ne, gwargwadon abin da zai kama ƙura da ƙwayoyin cuta. A ƙarƙashinta, tun daga hanci har cikin huhu, akwai wasu gasu ƙanana da ido ba ya gani, suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa, suna tura ta zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba mu sani ba. Dare da rana ke nan, ko ba mura. Amma in ruwan cikinta ya ragu, ko ƙulle-ƙullen farar wutar suka yi yawa, sai yauƙi ya koma danƙo, gasun su kasa ɗaga ta. Haka ke faruwa a asma mai tsanani, da kuma cutar gadon nan sistik faiburosis, wadda aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta a 1989. Akwai magani mai suna asetilsistin da aikinsa katse waɗannan ƙulle-ƙulle, kakin ya tsinke. Dubi yadda "tsinke" ta ɗauki ma'ana biyu a nan, ta igiya da ta ruwa, kuma duka biyun daidai ne.

Tafiyar yauƙi kuwa, a fahimtata, daga wannan jan zaren aka aro ta: ƙafa na barin ƙasa kamar ba ta son rabuwa da ita.

Tambaya: Malam, me ya sa muke cewa "yawuna ya tsinke" alhali ƙaruwa ya yi? Kuma ina asalin "mai magana da yawun wane"?

Amsa: Malama, wannan tambaya taki ta fi yi mini daɗi, domin a nan Bahaushe ya lura da abin da sai daga baya aka auna. Manyan jakunkunan yawu nau'i uku ne, kowanne dama da hagu. Na gaban kunne ruwa tsararo suke zubarwa, kusan babu miyusin a ciki. Na ƙarƙashin muƙamuƙi da na ƙarƙashin harshe su ke da shi. In mutum yana zaune haka nan, yawancin yawunsa daga na ƙasan yake, shi ya sa yake da ɗan kauri. Da ya fara tauna, ko ɗanɗano ya motsa shi, sai na gaban kunne su buɗe, ruwa ya rinjayi yauƙi. Yawun ya ƙaru, gaskiyarki, amma ya tsinke ɗin ma da gaske, wato kaurinsa ya sake. Akasinsa shi ne tsoro: ruwan ya ɗauke, ɗan abin da ya rage ya yi kauri, mu ce baki ya bushe.

Nan ne kuma amsar ta biyu. Duk wanda ya taɓa tsayuwa gaban jama'a da busasshen baki ya san magana ba ta fita sai da yawu, don miyusin ne ke sa harshe ya zame a kan ganɗa da haƙora. Sai muka ɗauki yawu a matsayin maganar kanta: kada ka ɓata yawunka, bari in tofa albarkacin bakina, wane yana magana da yawun hukuma, wato bakin nasa ne, yawun na wani.

Bari in ɗan ratse. Ba mu kaɗai muka aro suna daga yawu ba. A ƙarshen sarƙoƙin sukarin nan akwai wanda ake kira asid ɗin siyalik, wanda Gunnar Blix na ƙasar Suwidin ya tace daga miyusin ɗin jakar yawun shanu a 1936, kuma sunan daga kalmar Girkanci mai nufin yawu ya fito. Shi ƙwayar cutar mura mai zazzaɓi ke kamawa ta shiga jiki, saboda haka wanda ke cikin majina tarko ne, ta kama shi a tafi da ita.

Tambaya: Malam, masu atuni kan ce suna ganin "majina" a bayan gida. Ta hanci ce ta gangara?

Amsa: A'a, hanji ne ya yi abarsa, sunan kawai aka aro don kamanni. Babban hanji yana da shimfiɗa biyu ta MUC2, kamar yadda masu bincike a birnin Gotenbag na Suwidin suka nuna a 2008. Ta ciki matsattsiya ce, ƙwayoyin bakteriya ba sa ratsa ta; ta waje sakwa-sakwa, nan suke zaune suna cin sukarin jikinta. In hanji ya kumbura sai ya yi ta zubo ta har a gani. Tumbi ma da irin wannan shimfiɗa yake tsira daga asid ɗinsa: a tsakiyar tumbi ma'aunin tsami na iya sauka zuwa 1 ko 2, wato tsami mai tsanani, a jikin bangon kuwa yana kusa da 7, wato kusan babu tsami. Helicobacter pylori, ƙwayar bakteriya mai jawo gyambon ciki, dabararta ita ce ta kashe tsamin da ke kewaye da ita, ragar ta saki, ta yi iyo ta isa bango. Gano ta ne ya ba Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya kyautar Nobel a 2005.

Tambaya: "Abin da ya taɓa hanci, ido kan yi ruwa." Hikima ce kawai ko haka jiki yake?

Amsa: Duka biyun. Ma'anarta abin da ya sami ɗan'uwanka ya same ka. A jiki kuwa, jijiyar da ke jin ƙaiƙayin hanci takan sa hawaye su zubo, kuma akwai 'yar siririyar hanya daga kusurwar ido zuwa cikin hanci. Ta nan hawaye ke gangarawa su tsinka majina, shi ya sa mai kuka yake jan hanci.