Amsar Kawu kan libarbar Amurkawa (an rubuto daga murya)

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da hayaniya, ina bakin Ƙofar Doka ne, masu Keke ba sa raga wa kowa.

Yauwa, ɗana, na ga bidiyon da ka turo, Baturen nan da yake zaune a garejinsa yana ɗura harsashi da hannu. Ka ce wai wace libarba ce ta fi ƙarfi, kuma me ya kai shi wannan wahala alhali ana sayarwa a kanti. To bari in fara da ta biyun, don ita ce mai daɗin.

Ai harsashin da ake ta kururutawa, .44 Magnum, masu ɗurin hannu ne suka haife shi. Akwai wani mutum, Elmer Keith, makiyayi kuma maharbi a Amurka. Shekara da shekaru yana ɗaukar kwanson wani tsohon harsashi, .44 Special, yana ƙara masa albarushi, yana damun kamfanoni su yi wanda ya fi shi. Sai a tsakiyar shekarun 1950 Remington ta yi harsashin, Smith & Wesson ta yi bindigar, wadda ake kira Model 29. Suka ƙara wa kwanson tsawo kaɗan da gangan, don kada wani ya cusa shi a tsohuwar bindiga ta tarwatse masa a hannu. Kuma abin dariya, sunan 44 ne amma kaurin dalmar .429 ne na inci. Suna dai linzami.

Daga nan sai gasa. Wani maƙerin bindiga, Dick Casull, ya fito da harsashin .454 Casull, wanda matsinsa ya kai 65,000 a ma'aunin psi, na .44 Magnum kuwa 36,000. Ka ga kusan ninki biyu ke nan. A 2003 Smith & Wesson ta kawo libarbar .500, gidan harsashi 5 kacal, nauyinta wajen kilo 2. A 2005 ta ƙara .460, wadda ke cin .454 da tsohon .45 Colt duka. In ƙarfi kawai kake tambaya, .500 ɗin ce a gaba cikin waɗannan.

Amma ni fa in ka bar ni, .44 zan nuna maka. Bindigar da ke dukan tafin hannunka kamar jaki ya harbe ka, kafin ka ja kunama ma ka runtse ido, to ina amfaninta? Mutanen Alaska da ke ratayawa saboda namun daji ma, da yawansu .44 ɗin suke riƙewa, don ana iya maimaita harbi na biyu. Shi ya sa mai ɗurin hannu yake ɗura mai sauƙi don koyo, mai zafi don farauta, ga kuma arha tunda kwanso ɗaya yana komawa sau da dama.

Mu ma ai mun san ɗuri. Ina yaro, a wani ƙauye ta hanyar Giwa, akwai tsohon maharbi da nake zama kusa da shi. Ya zuba albarushi a tafi, ya auna da ido, ya tura tsumma ya danna da ƙarfe. Wata rana hazo, ya manta ya riga ya ɗura, ya sake ɗurawa. Bututun ya tsage kamar rake. Yatsu biyu suka tafi. Baturen bidiyonka yana da sikeli da littafi, amma kuskuren da zai iya yi iri ɗaya ne, ɗuri biyu a kwanso ɗaya.

Sai kuma ka sani, ɗana, can ne dokarsu ta yarda. Nan, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma haɗa harsashi a gida laifi ne na ɗauri. Masana'antar tsaro ta Kaduna, DICON, ita ke da irin wannan aiki. Saboda haka kallo ya ishe ka.

Kai, ga shi an fara kiran la'asar. Wanda ya tambayi maganar harsashin .357 ya jira ni zuwa dare.